Mai Riƙe Dabino Ɗari Uku a Ka

Matso nan, ja tabarma ka zauna, in ba ka labarin Alasan mutumin Tanut, wanda ya yi shekara ashirin da shida yana aikin dabino a wata gona a Samnu, kusa da birnin Sabha, can ƙetaren hamada.

Shi ma da niyyar wucewa arewa ya zo, kamar kowa. Ya tsaya aikin wata biyu, sai dabino ya riƙe shi. Ka san dabino akwai namiji akwai mace, kuma mace ba ta ba da 'ya'yan kirki sai an hau an cusa furen namiji cikin nata, a 'yan kwanakin da ya tsage. Itatuwan gonar sun fi ɗari uku, Alasan ya san su ɗaya bayan ɗaya. Ya san mai saurin buɗewa, ya san mai nawa, ya san namijin da ya dace da kowace. Furen namiji kuwa shinshinawa kawai yake yi ya ce wannan da ransa, wancan ya mutu. Bai taɓa rubuta komai ba. Da ƙafa ta yi nauyi ya bar hawa, sai ya zama shi ke tsayawa da safe ya raba wa masu hawa aiki. Mudir, wato mai gonar, da ya sauko daga mota abin da yake fara cewa shi ne, "Wen Alasan?" Ina Alasan ke nan. Wannan tambayar ta fi masa komai daɗi a duniya.

Akwai kuma Salissou, taubashinsa, wanda ya girme shi da shekara uku. Alasan ne ya kirawo shi daga gida ya sama masa aikin ban ruwa. Mutum ne mai baki kamar rediyo. Kullum yana kiran Alasan "bawana", Alasan na kiransa "tsohon banza", suna cin tuwo kwano ɗaya.

Abin ya fara ta hanci. Alasan yana da shekara sittin da huɗu ya soma yi wa matarsa Mariam ƙorafi cewa miya ba daddawa, shayi ba na'ana'a. Ta rantse tana sawa. A gona ya ɗauki fure ya shinshina, bai ji komai ba, sai ya ɓoye, ya ce furen da ransa.

Sannan tunani. Ba wai yana mantawa ba ne kamar yadda tsofaffi ke manta sunan jika. Abin yana nan, amma jawo shi ya zama kamar guga daga rijiya mai zurfi. A tambaye shi layin da aka yi jiya, sai ya tsaya, ya dubi ƙasa, amsar na tafe a hankali. Rabon aikin safe da yake yi yana kurɓar shayi ya koma yana cukurkuɗe masa: ya tura mutum biyu itace ɗaya, ya bar wani layi ba kowa. Kafin gugansa ya iso, Salissou ya riga ya faɗa daga bakin famfo, da dariyarsa: layi na huɗu ne, bawana, ka tsaya a karkatacciyar itaciyar nan.

Kuma daidai ne. Abin da ya fi ci wa Alasan rai ke nan, kullum daidai ne. Ya riƙa kallon taubashin nan nasa yana tambayar kansa ta yaya wanda ya girme shi, wanda aikinsa buɗe ruwa da rufewa, zai fi shi sanin itatuwan da shi ya rena. Ya ce wa Mariam Salissou ya daɗe yana leƙen aikinsa. Ta ce ya ji tsoron Allah. Ranar da mudir ya sauko ya ce "Wen Salissou?", Alasan bai ci abincin rana ba.

Salissou ya ga ana samun tangarɗa, sai ya yayyaga wani tsohon rawani ja, duk itacen da aka gama ya ɗaura masa ƙyalle, don kowa ya gani da ido. A wurin Alasan wannan shela ce: a daina tambayar tsohon nan, a tambayi tsumma. Bayan azahar, kowa na hutawa a inuwa, Alasan ya bi layi yana kwancewa. Ya ce a ransa gobe zai faɗi itatuwan da ka, a gaban kowa.

Gobe ta yi, ya faɗa da ƙarfin zuciya, ya kuma sa layi biyu cikin waɗanda aka gama alhali ba a taɓa su ba. Salissou ya gane kuskuren, ya dubi fuskar Alasan, ya koma bakin famfonsa. Da kaka ta zo, itace ashirin da bakwai suka ba da 'yan ƙananan 'ya'ya marasa ƙwallo, irin waɗanda sai awaki. Mudir ya tara su yana tambaya. Salissou ya ce shi ne bai ɗaure ƙyallayen da kyau ba, iska ta kwashe. Duk da haka mudir ya ba Salissou rabon aiki, ya mayar da Alasan zaɓen dabino a rumfa. Rufin asirin nan ya fi zagi yi wa Alasan ciwo. Bai cika wata ba ya kwashe kaya ya koma unguwar Tayuri a Sabha wurin 'yarsa Zoulaïhatou, bai yi wa kowa sallama ba.

Bayan shekara biyu hannun dama ya soma rawa in yana zaune, babban yatsa na murzawa kamar mai jan carbi. Tafiya ta koma ƙananan taku. Zoulaïhatou ta buga wa Salissou waya a ɓoye, ya zo ya raka su wurin likita a Sabha.

Likita ya sa shi ya yi tafiya, ya lanƙwasa masa hannu, ya ce cutar Parkinson ce, akwai magani mai rage ta. Sai ya tambaya yaushe ya daina jin ƙanshi, yaushe tunani ya fara yi masa nauyi. Alasan na ta jawo amsa, Salissou ya zubo ta: hanci shekara biyar, damina biyu kafin auren Zoulaïhatou, tunani shekara guda bayan nan, lokacin da aka sake famfo. Likita ya ce a wasu mutane waɗannan kan riga rawar hannu zuwa da shekaru. Ya kuma yaba wa Salissou kan riƙe abu.

Suna fitowa Alasan ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ashe ciwo ne," in ji shi. "Ba kai ba ne."

"Da ni ne ai da na gaya maka, bawana."

"To amma har ciwon nawa ka fi ni saninsa. Wannan ma ba za ka bar mini ba?"

Salissou ya yi dariya ya miƙa masa hannu don saukowa matakala. Alasan ya dubi hannun nan da ba ya rawa ko kaɗan, ya daɗe yana dubansa, sannan ya kama kafaɗar 'yarsa.

To kai mai sauraro, in ciwo ya ɗauke maka abin da kake taƙama da shi, ya bar wa wanda ya fi kowa ƙaunarka nasa cif, wane hannu za ka kama?