Kalmar Sirrin Inna

Ranar wata Asabar ce cikin watan Agusta, shekarar da nake aji biyar na firamare, Inna ta ce in ajiye tsintar shinkafar da nake yi in ɗauko mata lema, za mu je ɗakin kwamfuta. An kwana ana ruwa a Gashuwa, lungunmu ya cika da taɓo, kogi ya kawo har ana jin kukan kwaɗi da rana tsaka. Na riƙe takalmana a hannu ina binta a baya, ina taka inda ta taka. Wurin tsohon ɗakin ajiyar taki ne a bayan kasuwa, mutanen unguwa suka share shi suka shafa masa farar ƙasa, amma in hadari ya taso warin takin yana fitowa daga siminti. Kwamfuta huɗu ce a kan dogon benci, kowacce an lulluɓe ta da tsohon zani, ga janareta a waje an ɗaure shi da sarƙa a jikin bishiyar dogon yaro. Mata wajen goma muka tarar zaune a tabarma, masu saƙar faifai irin Inna da masu sayar da bandar kifi, kowacce ta naɗe hannu a gyale kamar an kawo ta asibiti.

Mai koya wa mata ranar Asabar ita ce Madam Esta, 'yar Filato, mai buga takardu a sakatariya. Ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda yake biyanta. Takan zo da ruwanta a gora da ƙaramin tawul a kafaɗa, ta yaye zannuwan ɗaya bayan ɗaya, ta hure madannan da baki. Ba ta taɓa yi wa kowa tsawa ba, ko Hajiya Yagana mai kifi, wadda kullum sai ta ɗaga linzamin kwamfutar sama tana juya shi a iska tana cewa abin ba ya jin magana. Karatun Madam gajere ne, kuma shi take maimaitawa kowane mako. "Wanda ya aiko ya ce kin ci mota, tambayi kanki yaushe kika shiga gasa." "In za ki tashi ki rufe akwatinki, kamar yadda kike rufe ɗakinki." Babbar dokarta kuwa ita ce ta kalmar sirri. In mace za ta rubuta tata, kowa sai ya juya wa bango fuska, har ita Madam ɗin. Takan ce leƙen hannun mutum da leƙen jakarsa duk ɗaya ne.

Ni yarinya ce marar magana. A makaranta ko na san amsa ba na ɗaga hannu, in ana 'yar gala-gala ni ce mai tsaron takalman mutane a gindin bishiya. Abin da na iya shi ne kallo. Na san wace malama ce take sauya ɗankunne ranar Laraba, na san akuyar da take fara shiga gonar makaranta. A ɗakin kwamfuta ma kusurwa nake samu in zauna a ƙasa da lemar Inna a cinyata, ba mai lissafawa da ni. Ranar da aka buɗe wa Inna akwatin imel, Madam ta ce mata ta zaɓi abin da ba za ta taɓa mantawa ba, kuma wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa da bakinta ba. Inna ta matso kusa da madannan. Mata suka juya, Madam ta juya, ni kuwa ina ƙasa daidai gwiwarta, na ga yatsanta guda, mai jan lalle, yana yawo a kan madannai yana neman baƙaƙen da ta koya a ajin yaƙi da jahilci. Kafin ta kai na huɗu na gane inda ta dosa. Sau tara ta danna. Maimunatu.

Yaya Maimuna ita ce 'yar farin Inna. A gidanmu, kamar gidaje da yawa, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Tun da aka yaye ta Goggo, yayar Baba, ta ɗauke ta zuwa Nguru, a can ta girma. Inna kan ce "waccan ta Nguru", ko kuma "mutuniyar Goggo". In an yi hutu ana sa ni a mota in je wurinsu, Inna ta ƙulle mini ƙuli-ƙuli da sabon ɗankwali ta ce in kai wa Goggo, ɗankwalin kuwa kala ne irin na 'yan mata. Yaya ce ta koya mini tsaga kaba da farce, ita ta kai ni na ga tsohon layin dogo inda awaki suke kwanciya a tsakanin ƙarafa. Wata rana muna wanki a bakin ruwa, muna kallon masunta suna tura kwalekwale cikin ciyawar kacalla, ta tambaye ni ba tare da ta ɗago ba, "Binta, Inna tana zancena kuwa?" Na ce a'a, don gaskiyar da na sani ke nan a lokacin. Ta ci gaba da matse zani.

A daminar nan Yaya ta gama sakandare, burinta ta shiga makarantar koyon aikin ungozoma. Ta zo Gashuwa aka cike mata takardar neman shiga a ɗakin kwamfuta, kuma da yake ba ta da akwatin imel, Madam ta ce a sa na Inna, tunda ana duba shi duk mako. Daga nan Inna ba ta sake fashi ba. Ga tsohon ciki, ga aikin gona, lokacin ne kuma muke wuni a fadama muna kaɗa gwangwanaye muna korar tsuntsayen jan-baki daga shinkafa, amma Asabar tana yi za ta wanke ƙafa ta ce in ɗauko lema. In ta buɗe akwatin ta ga ba sabon saƙo, sai ta ce wa Hajiya Yagana dama masu sayen faifai take dubawa.

Bayan an yanke shinkafa Inna ta haifi autanmu. Goggo da Yaya suka zo daga Nguru, gida ya cika da 'yan barka, ana ta hura wutar ruwan wanka da dama kunun kanwa. Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, wannan ba abin tattaunawa ba ne. Kwana biyu bayan suna, ranar Asabar da hantsi, wata ƙawar Yaya ta bugo waya daga Karasuwa ta ce takardun kira sun fito, an tura wa kowa ta imel, kuma ranar Litinin da safe za a tantance, wadda ba ta zo da tata a buge ba ba za a bar ta ta shiga ba. Ɗakin kwamfuta ana kashe janaretansa da la'asar, Lahadi kuma Madam tana coci.

Ni da Yaya muka tafi da sauri. Madam ta ce ita ba ta san kalmar ba, ba ta taɓa sani ba. Ta gwada hanyar da ake bi in an manta, sai abin ya nemi a tura lamba ga tsohon layin Inna, wanda ya faɗa ruwa tare da wayar tun lokacin korar tsuntsu. Ta ce mu koma mu tambayo. Muka tarar da ɗakin Inna maƙil da mata, Goggo tana bakin gado da jariri a hannu. Yaya ta durƙusa daga bakin ƙofa ta yi bayani, tana kallon Goggo, don ita ma ba ta saba yi wa Inna magana kai tsaye ba. Goggo ta ce wa Inna, "To ke Amarya, faɗa musu mana, ko ki rubuta a takarda." Inna ta dubi bango, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce ta manta. Hajiya Yagana ta ce jego ne, yakan kwashe wa mace hankali. Na bi Yaya bayan ɗaki na same ta tsugune gaban murhu tana tura itace cikin wutar da ba ta bukatar ƙari. Ta ce, "Bar shi kawai, Binta. Ai ba yau aka fara ba."

Na tsaya da abin a bakina kamar garwashi. In na faɗa, na tona wa Inna asiri, na kuma tona wa kaina, Madam za ta san cewa yarinyar da take shafa wa kai tana kira mai hankali ita ce ta leƙa hannun uwarta. In na yi shiru, shekarar Yaya ta tafi. Ina nan tsaye aka kira ni in fitar da kwanon kunu. Da na sunkuya zan ɗauka, Inna ta yi kamar tana gyara filo, ta ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Ke da ba abin da yake wuce idonki." Ba ta kalle ni ba. Na ajiye kwanon a tsakar gida, ban ko wanke ba, na ja hannun Yaya.

An fara kiran sallar la'asar a masallacin kasuwa lokacin da muka isa, Madam har ta lulluɓe kwamfuta uku. Na ce mata na san kalmar, na ce na gani ne ranar farko, ban juya ba. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce laifi ne, kuma za mu yi maganarsa, amma yanzu in zauna. Ta juya wa bango fuska kamar kullum. Yaya ba 'yar ajin ba ce, ba ta san dokar ba, sai ta tsaya a kaina tana kallon hannuna. Ban taɓa taɓa kwamfuta ba sai ranar. Da yatsa guda na bi hanyar da yatsan Inna ya bi, a hankali, ina neman kowane baƙi. A kan allon ɗigo-ɗigo ne kawai suke fitowa, amma ina jin numfashin Yaya a bayan wuyana, kuma wajen na biyar na ji ya tsaya. Akwatin ya buɗe. Takardar tana can sama. Madam ta buga ta, ta miƙa wa Yaya da ɗuminta, Yaya ta karɓa ba ta ko duba ba, idonta yana kan madannan.

Asabar ta gaba Madam, wadda ta gane komai daga fuskar Yaya, ta tsaya gaban mata ta ce duk wadda ta sa sunan maigidanta ko na ɗanta na fari ta ɗaga hannu. Ba wadda ta ɗaga, sai dai gyale da aka yi ta ja ana rufe fuska, ana ƙyalƙyala dariya a ciki. Hajiya Yagana ta ce, "To Madam, ke kika ce abin da ba ma faɗa da bakinmu. Sunan Alhaji shekara talatin ban faɗa ba!" Madam ta dafe kai ta ce ai duk unguwa an san sunan Alhaji, har a jikin motarsa an rubuta. Ranar kowa sai da ta sauya tata. Ni kuma hukuncina shi ne share ɗakin na wata guda, daga nan ta fara zaunar da ni a kwamfuta ta huɗu in mata sun tashi.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne komawarmu gida a waccan la'asar. 'Yan barka sun ragu. Inna ta tambayi Goggo, ba mu ba, ko an samu. Yaya ba ta bari Goggo ta amsa ba. Ta shiga har tsakiyar ɗaki, ta zauna a bakin gadon da ban taɓa ganin ta zauna ba, ta ce, "An samu, Inna." Inna ta ce to madalla, ta juya tana neman wani abu a ƙarƙashin filo wanda ba ta samu ba. Da za a yi wankan yamma Yaya ta karɓi ganyen wankan jego daga hannun Goggo ta ce ita za ta yi wa Inna. Washegari ta kama hanya da takardarta a cikin littafi.

Yau Yaya ungozoma ce a Nguru, yaran da ta karɓa sun isa cika makaranta. Ɗakin kwamfuta ya zama shagon cajin waya, Madam Esta ta yi ritaya ta koma garinsu, wayoyin yanzu kuwa da yatsa ko da fuska suke buɗewa, ba mai juya wa bango baya don wani. Ni ina kiran sunan 'yata ta fari sau ashirin a wuni, a gaban kowa, ina gaya mata ina sonta, tana amsa mini ido na kan waya. Ban ce zamaninmu ya fi ba, don na ga abin da shirun nan ya ci wa Yaya shekara goma sha takwas. Sai dai in na je gida na ga Inna, da furfurarta, ta kasa kunne ga ƙarar kowace motar da ta tsaya a bakin lungu ranar da ake sa ran mutanen Nguru, nakan tuna da baƙaƙen nan tara. Har yau ba ta kira sunan ba, kuma har yau ba wanda ya kai ta riƙe shi.