Ɗigon da Ƙanena Ya Nuna

Ƙanena yana da ɗan ofis a unguwar Treichville, inda yake gwada horon sababbin sojoji a kwamfuta kafin a fara shi da mutane. Kowane ɗigo a gilashin kurtu ne, yana tafiya daidai ƙarfinsa; in ya dushe, kurtun ya faɗi ke nan. Lokacin ɗana na shirin shiga soja.

"Yaya, ɗauka wannan ɗanki ne," in ji shi, ya dangwala yatsa a kan wani ɗigo.

"Kul! Ba a misali da mai rai."

Ɗigon ya tsaya, ya dushe. Ƙanena ya sake kunnawa yana dariya, ɗigon ya sake dushewa a wurin. Dariyar ta ɗauke.

Washegari na yi sadakar waina a unguwar Roxy, na roƙi ɗana ya haƙura da sojan. Yanzu dako yake a tashar jiragen ruwa, yana min tsiyar tsoron inji. Ni dai na gani da idona.