Wendell Mai Labaran Ƙarfe Shida

A garinmu na jihar Nebraska, in ka ji cokula sun yi shiru da ƙarfe shida na yamma, to Wendell Tackett ne ya fara karanta labarai a talabijin. Ni Lorna, ni ke gungura masa rubutun da yake karantawa a gilashin kyamara tun yana da gashi a ka. Mutum ne mai baki, har littattafai ya rubuta kan guguwar da ke yaye mana rufin gidaje. Amma a gida kam, sai a hankali.

Ranar auren 'yarsa Marcy guguwa ta faɗa wa wani ƙauye. Bawan Allahn nan ya fice daga coci da kwat ɗin biki, ya bi motar ɗaukar labari. Kawunta ne ya riƙe mata hannu zuwa gaban fasto a madadin uba. Tun daga ranar ta daina kiransa, shi kuma girman kai ya hana shi ba ta haƙuri.

"Gobe zan buga mata waya," in ji shi kullum.

"Goben nan taka ba ta wayewa, tsoho," in ce masa.

Ana nan sai ɓarin jikinsa ya shanye. Hannun rubutu ya mutu, magana ta ɗauke. Abin da ya ɗaure mana kai, in ka sa masa rubutu a gaba zai karanta tiryan-tiryan, amma kalmar kansa, ko "ruwa" ce, ba ta fita.

Da na ji Marcy za ta zo, na kinkimo na'urar gungura rubutun daga ofis na kafa a gaban gadonsa. Na zauna na tsara ban haƙuri mai ratsa zuciya. Tana shigowa na ɗaga masa yatsa yadda muka saba. Ya gyara wuya, ya karanta tsaf da muryar nan tasa ta ƙarfe shida, ko tuntuɓe babu.

Marcy ta juyo ta dube ni. "Anti Lorna, wa ya rubuta wannan?"



"Don Allah kashe abin nan." Ta durƙusa a gefen gadon. "Baba, ga ni. Ko kalma ɗaya ce, taka nake so."

Na kashe. Ya dube ta, ya dubi baƙin gilashin, ya dubi yatsana. Jijiyar wuyansa ta miƙe, leɓe na rawa, hawaye na gangarawa cikin kunnensa. Wallahi da ana ara wa mutum harshe da na ciro nawa na ba shi, amma ba abin da zan iya. Can sai murya ta fito, garau:

"Kada ku je ko'ina, za mu dawo bayan talla."

Marcy ta share masa fuska, ta jawo kujera ta zauna. "To Baba, ina jira."

Kullum tana zuwa da ƙarfe shida. Har muka binne shi bai dawo daga tallan nan ba.