Alhakin 'Yar Kyanwar Ɗakin Goro

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A shekarun da ake kiran ƙasarmu Gwalkwas, ana dab da samun mulkin kai, ni ɗan makarantar midil ne a Kumasi, ina zaune a Zango a gidan kawuna mai fataucin goro. Yaro ne ni marar magana. In baƙo ya yi sallama sai in rasa inda zan sa idona, in malami ya tambaye ni abin da na sani sarai, sai harshena ya yi nauyi. Amma kayana kullum a kimtse suke, littattafaina a naɗe da takardar siminti, rigar makarantata a goge, ƙusar da nake rataye ta ma ba na sauya ta. Saboda haka mutanen gidan suke kirana akawu, rabi yabo rabi zolaya.

A ɗakin da ake jibge kwandunan goro akwai wata kyanwa da ke tsare mana ɓeraye. Ta haihu ba da jimawa ba lori ya take ta a bakin titi, 'ya'yan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, saura wata 'yar fara mai baƙin kunne. Na ɗauko ta na sa a tsohon kwando a ƙarƙashin teburina. Ina raba kokona na safe da ita, wata mata 'yar Asante da ke sayar da dokunu, wato tuwon masara mai tsami da ake ci da kifi, a ƙofar gidanmu kuma tana ajiye mini ɓarɓashin kifi. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, 'yar kyanwar kaɗai nake iya karanta wa Turanci da ƙarfi ba tare da na sarƙe ba. Takan hau kan littafin ta zauna daidai layin da nake karantawa, in ture ta, ta dawo.

Wata safiya na ga kumatunta na hagu ya tashi, idon wannan gefen ya fara rufewa. Na taɓa na ji zafi. Inna, matar kawuna, ta leƙo ta ce ai hangum ne, irin wanda ke kumbura wa yara muƙamuƙi, kuma shi hangum baƙo ne, in ya gama kwanansa zai tafi. Mai dokunu ta goyi bayanta, ta ce su ma a wajensu haka ake yi, a fasa gidan zanzaro a kwaɓa da shuɗin wanki a shafa. Ni kuwa na karanta a littafin kiwon lafiya na makaranta cewa hangum ciwon 'yan Adam ne, ban taɓa ganin inda aka ce dabba na yi ba. Amma sunan ya yi mini daɗi, domin ciwo ne mai tafiya da kansa. Na kwaɓa maganin, na shafa mata da gashin kaza a tsanake don kada ya shiga ido. Yaran gida suka yi ta dariyar kyanwa mai shuɗin kumatu, wani Bamoshe mai dakon goro ya ce ga amarya ta yi kwalliya, saura akawu ya nemo mata ango. Na yi murmushi tare da su, na zauna jiran baƙo ya tafi.

Bai tafi ba. Kumburin ya ci rabin fuskarta, idon ya rufe ruf, yawu ya riƙa zuba daga bakinta, ta daina wanke jikinta. In na miƙa mata kifi sai ta shinshina, ta yi ƙoƙarin buɗe baki, ta kasa, ta dube ni da idon da ya rage. Tsakiyar kumburin ya yi laushi kamar nunanniyar gwanda, ga wari. A nan na daina yaudarar kaina. Ƙurji ne mai ruwa a ciki, kuma sai an fasa shi.

Na ɗauke ta zuwa wajen wanzamin unguwarmu, wani dattijo mai aski a gindin mangwaro kusa da masallaci. Na daɗe a tsaye har ya gama da mutanen da ke gabansa, shi da kansa ya tambaye ni ko na zo ƙirga masa gashin da ya zuba ne. Na buɗe kwandon. Ya danna wurin da yatsa, ya ce babu shakka ruwa ne ya taru, amma shi ba zai sa mata ƙarfe ba. Askarsa ta kan mutane ce da kaciyar 'ya'yansu, in aka ji ta taɓa dabba wa zai sake miƙa masa kai. Ban da haka, in ji shi, kyanwa ba kaza ba ce, alhakinta nauyi gare shi, wanda ta mutu a hannunsa sai ya amsa tambaya ranar gobe, ya tuna mini da labarin matar da aka azabtar saboda kyanwa, wanda duk ɗan Zango ya ji a makarantar allo. Ya ce in dai kaina ne da ya yi suma kamar na mahaukaci, in kawo ya aske kyauta.

Da la'asar na samu Kawu yana zaɓen goro, na durƙusa na yi ta kewaye-kewaye kafin maganar likitan dabbobi ta fito. Bai yi mini faɗa ba, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo. Ya nuna mini goron da sankara ta ɓata a wannan shekarar, ya ce 'yarsa ta cikinsa tana tari tun damina, saiwa ake dafa mata, ba ta ga ƙofar asibiti ba. Ya ce in ban so mutanen gida su ce boko ya taɓa mini kai, kada in sake faɗin wannan magana a gaban kowa. Ya ƙara da cewa a bar ta ga Mahaliccinta, kada wani ɗan gidansa ya yi mata wani abu ta mutu a hannunsa, ya jawo musu alhaki.

Duk da haka ranar Asabar na rufe kwandon da ganyen goro, na taka a ƙasa na ratsa kasuwar Kejetiya zuwa filin sukuwa, domin na ji ana cewa akwai likita mai zuwa duba dawaki a can. Wani Bazabarme mai ba dawakin ciyawa ya saurare ni, ya ce likitan yana ciki, amma dawaki yake dubawa da karnukan manya, kuma kuɗin da ya ambata ya fi abin da Kawu ke biya mini a makaranta. Ina nan tsaye a bakin barga likitan ya fito da jakarsa. Ya ga rigar makaranta a jikina, ya tsaya, ya tambaye ni da Turanci, cikin fara'a, ko ina neman wani abu. Kwandon yana hannuna, ina jin motsinta a ciki. Kalmomin da zan faɗa duk na san su, na maimaita su a hanya tun daga gida. Na tuna aljihuna babu komai, na hango shi yana dariya, sai na ji bakina ya ce a'a, ba komai. Ya gyaɗa kai ya shiga motarsa. Ban san abin da zai ce ba da na buɗe kwandon. Wataƙila ya kore ni, wataƙila ya duba. Ban ba shi damar yin ko ɗaya ba.

Na dawo na ƙudurta zan fasa ƙurjin da kaina. Bayan azahar, lokacin da gida ya yi tsit, na tafasa sabuwar reza a gwangwanin madara, na haɗa ruwan ɗumi da gishiri, na yayyage tsohuwar rigata na wanke, na jera komai a kan tebur yadda littafi ya ce. Na naɗe ta a zane na riƙe ta tsakanin gwiwoyina. Ba ta yi gardama ba, ƙarfin ya ƙare. Rezar ta taɓa gashinta, sai maganar wanzami da ta Kawu suka cika mini kunne: in ta mutu a hannunka fa? Na janye rezar. Na ajiye, na ce gobe wurin zai ƙara nuna. Washegari na sake tafasa reza, na sake jera kaya, na sake ajiyewa. Haka na yi ta yi, kullum shirin yana ƙara kyau, ita tana ƙara ramewa, ina ɗiga mata ruwan koko a gefen baki yana gangarowa ta wuyanta.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar ta fito daga kwandon, ta ja jiki zuwa bayan tulun ruwa inda ƙasa ke da sanyi, ta mutu a can. Na binne ta a gindin ayaba a bayan gida. Inna ta ce a gode wa Allah, ta tafi da kwananta, babu hannun kowa a ciki. Kawu ya dafa kafaɗata, abin da bai saba yi ba, ya ce na yi hankali da ban taɓa ta ba. Wanzami ma da ya ji ya ce mun fita lafiya. Kowa a unguwar ya wanke hannunsa, har da ni, kuma nawa ya fi na kowa tsabta, tun da kullum da sabulu nake wanke shi kafin in ɗauki rezar.

Yau na tsufa, kuma ba zan ce da na fasa ƙurjin za ta rayu ba. Mai yiwuwa ciwon ya riga ya shiga ƙashi, mai yiwuwa in yanke jijiya ta mutu nan take, kuma ba na ba kowa shawarar ya ɗauki reza a kan abin da bai sani ba. Talaucin ma gaskiya ne, ban zargi Kawu ba, mutumin da bai iya kai 'yarsa asibiti ba. Abin da na kasa yafe wa kaina shi ne, duk tsawon ciwon nan tsoron da nake ji na kaina ne, ba nata ba: kada a yi mini dariya, kada a ce ba ni da kuɗi, kada a tambaye ni a lahira. Ina roƙon mai karatu, in wani rai yana hannunka, na mutum ko na dabba, ciwo ya kama shi, kada ka karɓi sunan da aka laƙa wa ciwon don kawai ya kwantar maka da hankali, kuma in Allah ya tsayar da mai sani a gabanka, ka buɗe baki ka roƙa ko aljihunka wayam ne, a hana ka ya fi ka hana kanka. An koya mana alhaki yana kan hannun da ya taɓa. Ni na ga yana hawa hannun da aka naɗe ma, kuma wannan ba mai ganinsa balle ya ce maka ka tuba.