Ƙarfen Sabis na Bauranya

Ana idar da sallar asuba muka bar Kunduru a kan mashin, ni da ɗiyata, ta rungume jakar kwamfuta a ƙirji. Da sha ɗaya na safe za a yi mata tambayoyin ɗaukar aiki ta bidiyo, irin aikin nan da ake yi daga gida ta intanet. Shekara biyu ke nan da ta gama karatu tana zaune. To mu a garinmu kamfani ɗaya ne ke da sabis, shi ma in ka yi sallama a waya sai ka sha ruwa kafin ka ji an amsa. Dole ce ta sa muka nufi Bauranya, gidan taubashina. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, ke nan a al'ada bawana ne, kuma ban taɓa bari ya manta ba.

Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa, amma ruwa ya ci hanya, sau biyu muna sauka mu tura. A tashar Kankia muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan nan uku naira ɗari, kowanne bai fi goro ba, har na tambayi mai suyar ko waken ma ta waya ake aiko mata shi. Nan muka ba da ajiyar mashin muka shiga motar Kusada, mu huɗu a baya, gwiwata a haƙarƙarin wani mai kaji.

Tun kafin mu shiga Bauranya na hango shi. Ƙarfen sabis ne guda ɗaya tak, bai ma kai namu tsawo ba, amma an jera masa kayan kamfani uku. A bakin kasuwa kuwa lema uku, masu sayar da layi kowa na kiran mutane, wannan ya ce datarsa ta fi araha, wancan ya ce zai ƙara kyauta. Bauranya fa! Mu da ko tsada aka yi mana ba mu da inda za mu koma.

Na tarar da taubashin nawa a gindin bedi, ya miƙe ƙafa yana kallon wa'azi a waya, hoto na tafiya sumul. Ya dube ni ya washe baki.

"A'a, yau ubangida ne a gidan bawa? Wane layi za a ba ɗiyar tawa? Uku gare mu, ta zaɓa."

Na ce masa bawa ko ya hau doki bawa ne, amma dariyar tawa iyakarta leɓe.

Aka shigar da yarinya ɗaki, mu kuma aka kawo mana fura da nono mai kauri. Nan yake gaya mini wai hukuma ce ta ce kamfanoni su riƙa haɗuwa a ƙarfe ɗaya, mai ƙarfe ba ya hana na baya ratayawa. Ya ce injiniyoyin da suka zo bara sun ba su labarin wani gari a ƙasar Kankia da aka kore su, wai ƙarfe zai faɗo wa mutane in an ƙara masa nauyi. Yana faɗi yana ƙyaƙyatawa har da buga cinya.

Na ajiye ludayin furar, don garin namu ne, wanda ya ƙirƙiro maganar kuma ni ne. Ƙarfenmu a gonar maƙwabcina yake, kullum na wuce sai raina ya ɓaci. Da na ji kamfani na biyu zai zo, na sa rai a tawa gonar za su kafa nasu. Da suka ce ratayawa kawai za su yi, sai na bi gida gida ina tsorata mutane, har muka kai ƙorafi gaban mai gari. Na zaci za su dawo su roƙe ni fili. Suka naɗe igiyoyinsu suka yi gaba.

Wajen azahar ɗiyata ta fito da gudu, mayafi na faɗuwa, an ɗauke ta. Muka yi hamdala. Sai ta sunkuyar da kai.

"Baba, sun ce kullum sai ina kan layi, daga safe zuwa la'asar. In ya yanke sau uku sun sallame ni."

Kafin in buɗe baki taubashina ya ce ga ɗaki nan, ta zauna ko shekara nawa ne. Ita kuma ta ce, "Na gode, Kawu," da wata murya da na daɗe ban ji ta yi mini ba. Kishi ya kama ni ƙarara, ba zan ɓoye muku ba. Na yi tarbiyya, na biya makaranta, ga shi a gidan bawana za a ci moriya.

Ni kaɗai na dawo.  Abin da tafiyar nan ta koya mini bai da yawa: hassada ga mai rabo taki ce, kuma wanda ya hana a raba, shi ake fara hanawa. Gobe in Allah ya kai mu zan je wurin mai gari in warware abin da na ƙulla, ko za su dawo Allah masani.

Na isa gida gab da magariba. Uwarta ta leƙa bayana ta ce, "Ina take?" Na ce ta samu aiki, tana Bauranya. Ta rangaɗa guɗa, sannan ta ce in kira mata ita ta ji muryarta. Na danna lambar, na miƙa mata wayar, na ɗauki buta na fita, don ba zan iya tsayawa ina jin tana "Alo? Alo?" ba.