Yaron da Ya Aiki Wuta

A gidanmu na Kwatarkwashi, da an yi sallar magariba an ci tuwo, sai mu kewaye kakarmu Inna a bakin murhu, tana gasa mana gyaɗa cikin toka. Muryarta ƙasa-ƙasa take, dole ka matsa kusa in kana son ji.

Shekarar da aka kwantar da matar Kawu a asibiti a Gusau, ɗanta Bello ya dawo gidanmu. Bai wuce shekara bakwai ba. Ya fara da ƙona ciyawa a bayan gida, ashana kuma ta riƙa ɓacewa. Ran nan ya cinna wa tarin kara wuta dab da rumbun gero, da ƙyar maƙwabta suka kashe. Baba ya karyo tsumagiya, Inna ta riƙe hannunsa.

"Malam, bar mini shi."

Da muka taru ta ce, "Ku matso, ga wata tatsuniya nan tafe." Wai wani yaro ne ba a sauraronsa a gida. Ya lura duk sanda Wuta ta yi magana, kowa sai ya rugo. Ya roƙe ta ta yi magana a madadinsa. Wuta ta ce, "Zan yi, amma ni in na buɗe baki ban iya rufewa ba." Ta ci danga, ta ci ɗaki, ta ci ɗan akuyarsa. Mutane sun zo kam, amma kowa ta guga yake, ba wanda ya tambaye shi abin da ke ransa.

Sannan ta dubi Bello. "Kai fa, mi kake son a ji?"

Ya daɗe yana wasa da bakin rigarsa. "Ba wanda ya gaya mini ko innata za ta dawo." Sai kuka.

Washegari ta sa Baba ya kai shi Gusau ya ga uwarsa. Ashana ta koma gefen zanen Inna. Karan da ya ƙona, Bello ne ya ɗebo madadinsa daga gona. Kullum kuma shi ke hura murhu a gabanta, in an gama ya kashe da hannunsa. Bai sake ba.

Na daɗe ina zaton don Bello aka yi tatsuniyar. Sai da na haifi nawa a Tsafe, na ji yadda hannu ke saurin neman bulala in tsoro ya kama uba, na gane da manyan gidan take magana.