Minti Huɗun da Baba Agogo Ya Bar Mini

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, kuma da safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Ya kira Baba Agogo. Ya yi sallar asuba, ya sha shayinsa, ya zauna a kujerar bakin ƙofa yana ɗaura igiyar takalmi, sai ya ce wa mai ɗakinsa ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin maƙwabci ya tada mota rai ya yi halinsa. Shekararsa hamsin da tara, talatin da ɗaya daga ciki a ofishin sufuri na gundumarmu ya yi su, yana tsara jadawalin bas. Ni ce mataimakiyarsa shekara bakwai. Ran nan tun kafin waya ta yi ƙara jikina ya ba ni, domin takwas ta gota kujerarsa ba kowa, abin da ban taɓa gani ba.

Baba, mako biyu ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Yau dole na rubuta, saboda jibi kwamiti zai zauna, kuma akwai maganar da nake so ka fara ji kafin su.

Wanda bai san aikinmu ba ya ɗauka bas ita ke zaɓa wa kanta lokacin fita. Duk shekara, daga Janairu, muna zama a ɗakin nan na hawa na biyu, gaban taswirar da ka cika da allurai da zare kala-kala, mu duba layi bayan layi: wanne za a tsawaita, wace tasha za a matsar, wace tafiya za a soke. Ƙarshen Maris kwamitin sufuri ya sa hannu, ranar ɗaya ga Mayu sabon jadawali ya fara aiki, kuma daga nan ba mai taɓa shi sai wata shekara. Kai ne ka koya mini cewa kowane layi da muka ja da jan fensir, wani ne zai tashi da wuri ko ya rasa karin kumallo.

Direbobi ne suka sa maka Baba Agogo, saboda agogo biyu da kake ɗaurawa. Na hagu yana bin agogon garejinmu, na dama yana bin na ƙofar babban asibiti, don ka ce tsakaninsu akwai minti biyu, kuma mai gadin asibiti bai san da zaman agogonmu ba. Mun yi ta tsokanarka da cewa ranar da aka ƙara gina asibiti sai ka ɗaura na uku a ƙafa. Ka ce in ta kama za ka ɗaura.

Ƙa'idarka guda ce, kuma kowa ya gaji da ita: ba ka soke tafiya sai ka hau ta safiya uku, ba ka matsar da tasha sai ka taka daga tsohon wurin zuwa sabon da ƙafarka. Ba kuma tafiyar lafiyayye kake yi ba. Akwai wata sanda a bayan ƙofar ofis, ta mahaifiyarka ce, da ita kake dogarawa kana jan ƙafa kamar yadda take yi, agogo a hannu. Mutane sun sha tsayawa su ce, “Sannu Baba, ko a kama maka?” Kai kuwa sai ka amsa sannun da fuska a ɗaure, ka rubuta minti tara a ɗan littafinka. Da wannan sandar ka hana a ɗauke tashar gaban kantin magani, wadda injiniyoyi suka ce taku ɗari biyu ne kawai zuwa ta gaba. Ka gayyaci babbansu ya riƙe sandar ya hau gangaren da kansa. Bai kai rabi ba ya ce a bar tashar inda take.

Direbobi ba za su manta da minti bakwai ɗinsu ba. Shekarar da aka so a cire hutun da suke yi a ƙarshen layi don a ƙara yawan tafiya, ka miƙe a gaban kwamiti ka tambayi shugaba ko shi yana iya zama awa huɗu bai zaga bayi ba. Aka fashe da dariya, aka wuce maganar. Ranar jana'izarka na ga manyan maza cikin rigar aiki suna share hawaye da hula, wasu sun yi musayar aiki da abokansu don kawai su samu sahu.

Ni kuwa Uwar Kwamfuta kake ce mini. Da na zo ofishin nan da takardar digirina, na ɗauki hawan bas ɗinka a matsayin ɓata lokaci irin na tsofaffi. Na'urar tikiti tana ba mu adadin fasinjan kowace tafiya, me ya rage? Ba ka taɓa yi mini faɗa ba. Sai dai ka ajiye mini kofin shayi a gefen allo ka ce, “Uwar Kwamfuta, a gaishe da 'ya'yanki.” Lokacin da ɗana ya kwanta asibiti wata guda, kai ka ɗauke aikina gaba ɗaya, kuma sai daga baya na gano duk rahotannin da ka rubuta da sunana ka tura su.

Yanzu ga maganar da ta hana ni sukuni. Bara, daidai lokacin tsara jadawali, aka yi maka aikin ido, ka yi mako shida a gida. Ni na riƙe ofis. Na duba Layi na Tara, wanda ke tasowa daga unguwar bayan tankin ruwa, na ga bas ɗin farko tana tashi shida saura minti huɗu. Abin ya tsone mini ido. Me ya sa ba shida daidai ba, yadda kowa zai riƙe? Na mayar da ita shida cif, na ji daɗin yadda shafin ya yi kyau, kwamiti ma ya yaba. Ban hau ba. Da ka dawo an riga an buga jadawalin, idonka kuma bai gama warkewa ba.

Bana aka ce mu kawo tafiye-tafiye goma sha biyu da za a soke. Na'ura ta nuna bas ɗin shida ta Layi na Tara, wadda a da take ɗaukar mutum talatin, yanzu da ƙyar take samun shida. Na sa ta a saman jerin. Ka karanta, sannan safiya uku a jere ka shigo ofis takalminka da laka. Ranar Litinin, jajibirin rasuwarka, ka tsaya a kaina ka ce:

“'Yata, kafin ki tura jerin nan, ki hau Tara ta shida.”

Na ce, “Haba Baba, ga lissafi nan ƙarara. Mutum shida ne fa.”

Ka ce, “Na'urarki wanda ya hau take gani. Sauran ashirin da huɗun ƙaura suka yi?”

Na ce zan duba in na samu sarari. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe a duniya, kuma ko ɗaga kai daga allo ban yi ba. Ina jin zafin wannan har yanzu, ba kuma zan ɓoye ba.

Da na je gaisuwa, Mama, mai ɗakinka, ta kira ni ɗaki ta damƙa mini agogon hannun damanka da ɗan littafinka. Ta ce, “Ya ce ranar Laraba zai fita da ke. To ga su, ki je.” A shafin da ka tsaya ka rubuta: Tara, shida na safe, minti huɗu.

Litinin da ta biyo na je. Direban, wanda kowa ke kira Dogo, ya gan ni da agogonka, ya nuna mini kujerar da kake zama. Mu shida ne har da ni. Muka iso babbar tasha shida da rabi daidai, ba makara ko ta daƙiƙa. Kafin Dogo ya gama taka birki wata dattijuwa ta riga ta kai ƙofa da jakar kayan aikinta, ta sauka tana ɗingishi tana ɗaga hannu. A gabanmu bas ɗin Layi na Biyu, wadda ke zuwa asibiti, tana fita daga ƙofar tasha. Lokacin tashinta shida da minti ashirin da tara. Shida saura huɗun nan da na raina, kai ka ƙirƙire shi shekaru da suka wuce domin Tara ta riski Biyu. Na tsaya riƙe da ƙarfen bas ina kallon abin da hannuna ya yi.

Dattijuwar nan goge-goge take yi a asibiti, aikinta yana farawa bakwai. Biyu ta gaba sai bakwai take tashi, don haka kusan shekara guda ke nan kullum a makare take shiga. An ba ta takardar gargaɗi biyu, ta uku ita ce sallama. Abokan aikinta sun daina jiran Tara, suna fita tun biyar da rabi su yanke ta gadar jirgin ƙasa su tari Biyu a hanya, tafiyar minti hamsin. Ita gwiwarta ba za ta iya ba. In muka soke ta shida, Tara ta gaba sai bakwai, ka ga aikinta ya ƙare ke nan. Sun kai kuka wurin Dogo, Dogo ya kai gareji, maganar ta mutu a can. Direban Biyu ya taɓa jiran su sau biyu aka rubuta masa takardar tuhuma. Taron jin ra'ayin jama'a kuwa ƙarfe sha ɗaya na safe muke yin sa, lokacin da suke durƙushe suna goge daɓen ɗakin marasa lafiya.

Ta dubi agogon da ke hannuna ta ce, “'Yar nan, ina tsohon nan mai agogo biyu? Ya ce mini in ƙara haƙuri, za a gyara.”

Na faɗa mata. Ta zauna a bencin tasha ta rufe fuska da mayafi, muka yi kuka tare har Biyu ta bakwai ta zo.

Washegari na ɗauki sandar bayan ƙofa na bi masu tafiyar ƙafa. Na ƙirga mutum ashirin da uku, yawancinsu mata, har da mai ciki. Na rubuta su a littafinka, a ƙarƙashin rubutunka. Da na juya shafin ne na ga abin da ka ɓoye a baya: “A kwamiti zan ce kuskurena ne, ni ne shugaba, ban duba ba. Kada sunanta ya fito, tana da gaba.”

Na nuna wa daraktanmu. Ya karanta ya ce shi ke nan, ai hanya ta samu: a karanta takardarka yadda take, a gyara jadawalin, ba wanda zai yi jayayya da mamaci. Ya tuna mini cewa a wata mai zuwa za a zaɓi wanda zai gaji kujerarka, kuma sunana ne a gaba. Ya ce, “Shi da kansa ya rubuta, kuma yanzu ba abin da zai same shi.” Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Baba, shekara bakwai ban bi maganarka yadda ya kamata ba, na ɗauki alkawarin bin ta daga yanzu. Amma wannan guda ɗayar zan saɓa. Shekara talatin da ɗaya ba ka soke tafiyar da ba ka hau ba, ba zan bari a rubuta a takardar kwamiti cewa ka yi sakaci ba, alhali kana kwance da bandeji a ido. In kuma aka ce kuskuren tsoho ne da ya riga ya tafi, ba wanda zai koyi komai, baɗi wata mai kwamfuta za ta sake gyara shafi don ya yi kyau.

Jibi Alhamis, ashirin da bakwai ga wata, zan miƙe a inda kake miƙewa. Zan ce ni na matsar da bas ɗin, daga kan tebur, ban hau ba. Zan nemi a cire Tara ta shida daga jerin sokewa, a mayar da ita shida saura huɗu. Zan nemi taron jama'a ya koma Asabar, kamar yadda ka yi shekaru kana roƙo. Zan nemi hawan safiya uku ya zama rubutacciyar ƙa'ida, ba halin mutum ɗaya ba. Na riga na samu sa hannun shugaban gareji cewa Biyu za ta riƙa jiran Tara minti biyu har zuwa Mayu, na kuma kai wa shugabar ma'aikatan asibiti takarda da hannuna cewa makarar dattijuwar nan daga ofishinmu take. Sauran tafiye-tafiye goma sha ɗayan na hau bakwai, zan nemi a ba ni lokaci in gama. Kujerar in sun ga dama su bayar, in sun ga dama su hana. Dogo ya ce zai zo ya zauna a baya, dattijuwar ma ta nemi hutun rabin yini.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Allah Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa duk takun da ka yi da sandar nan saboda bayinsa ya zama nauyi a mizaninka. Yadda ka tsaya kada a bar kowa a tasha, Allah kada Ya bar ka a baya ranar da ake shiga Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta yi shekara talatin tana haɗa shayi tun kafin gari ya waye, da 'ya'yanka huɗu da jikokinka, da 'yan'uwanka, da direbobi da makanikai da masu share gareji, da fasinjojin da suka san fuskarka ba su san aikinka ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata tamu in ta zo.

Agogon damanka na sa an ƙara masa huda don ya zauna a hannuna. Ranar ɗaya ga Mayu, in Allah Ya kai mu, ina kan kujerarka a cikin Tara, kuma shida saura huɗu za mu tashi.